Amsa ga ɗana kan hurumin ɗan wasa a al'amuran jama'a

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce kun yi gardama da abokanka a kan shahararrun 'yan wasan da ke sa baki cikin al'amuran jama'a, wasu suna cewa ɗan wasa ya tsaya ga wasansa, ba ruwansa da abin da ke damun gari, don haka kake son sanin ko al'adarmu ta taɓa ba shi irin wannan hurumi.

A gargajiyance ba a kiran ɗan dambe ko ɗan kokawa fada domin a ji ra'ayinsa kan haraji ko rikicin gona, wannan aikin sarki ne da hakimai da malamai. Amma kada hakan ya sa ka ɗauka cewa fagen wasa a ware yake da rayuwar jama'a. Dambe gadon mahauta ne, su ne suke bin garuruwa da kaka, bayan an kai amfanin gona rumbu kuma mutane sun sami abin hannu. Idan ɗan dambe ya naɗe hannunsa da zare ya shiga fage, makaɗi yakan haɗa kirarinsa da sunan garinsu da na ubangidansa, kuma har yau a gidajen dambe ana kasa 'yan wasa ɓangare uku, Kudu da Jamus (wato 'yan Arewa) da Guramada. In aka kashe shi, wato ya kai ƙasa, duk mutanen ɓangarensa ne suke komawa gida kai a sunkuye. Mutumin da aka ɗora wa mutuncin gari haka, ba adalci ba ne a ce masa ba shi da baki a cikin damuwar garin.

Akwai wani abu a al'adar tamu da yake ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Attajirin da zai miƙe a bainar jama'a yana zuba wa ɗan dambe kuɗi a goshi, shi ne zai ɓata fuska ranar da yaron ya aiko neman auren 'yarsa, ya ce ai ɗan mahauta ne. Musulunci bai san wannan fifiko na asali ba, mu muka ƙirƙiro abinmu. Haka kuma idan ƙarfi ya ƙare, hannu ya fara rawa, ido ya dushe saboda naushi, za ka iske tsohon gwarzo zaune a bakin kasuwa, waɗanda suka yi masa tafi suna wucewa ko sallama babu. Ka ga ke nan tun kafin a je ƙasashen waje, fagen dambenmu ya isa ya nuna maka yadda muke kallon asali da talauci.

Mahukunta kuwa sun daɗe da gane nauyin fage. A Nijar, zamanin Seyni Kountché, an fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda jihohi ke aiko da gwanayensu domin neman takobi, kuma haɗa kan 'yan ƙasa yana cikin manufar shirya ta.

Idan kana son ganin wanda ya ɗauki wannan nauyi da gaske, ka dubi Muhammad Ali. A 1967, yana riƙe da kambun duniya na dambe, aka kira shi aikin soja lokacin da Amurka ke yaƙi a Biyetnam, ya ƙi, yana mai kafa hujja da addininsa da kuma wariyar da ake nuna wa baƙaƙen fata a ƙasarsu. Aka ƙwace kambun, aka yanke masa ɗaurin shekara 5, ya yi fiye da shekara 3 bai shiga fage ba a daidai lokacin ganiyar ƙarfinsa. Sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin, sannan a 1974 ya maido da kambunsa a Kinshasa bayan ya kayar da George Foreman. Abin da ya sa dattawanmu suke ganin girmansa shi ne ya san abin da zai rasa tun kafin ya buɗe baki, kuma bai ja da baya ba. A wurinmu da haka ake auna maganar namiji.

Masu cewa kada a haɗa wasa da siyasa su tuna da 1996. Najeriya ce ke riƙe da kofin Afirka da ta ci a Tunisiya a 1994, amma bayan an rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci mai fafutukar kare haƙƙin mutanen Ogoni, da wasu mutum 8 a Fatakwal a Nuwamban 1995, Nelson Mandela, shugaban Afirka ta Kudu a lokacin, ya yi kakkausar suka, sai gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye ƙungiyar daga gasar da aka yi a Afirka ta Kudu. Hukumar ƙwallon Afirka ta hana Najeriya shiga ta 1998 ma. 'Yan wasan da ba a nemi shawararsu ba su suka yi asarar gasa biyu, alhali a shekarar ta 1996 Najeriya ta ci zinare a ƙwallon Olamfik a Atlanta.

Sharaɗin da zan kafa shi ne ɗan wasa ya yi magana a kan abin da ya sani, kuma cikin ladabi, domin iya buga ƙwallo ba ya mayar da mutum malami ko alƙali. Idan ya shiga ba da fatawa ko raba gardamar ƙabilu don mabiyansa sun yi yawa a intanet, ka bar shi da abinsa. Amma idan ya koka kan haƙƙin 'yan wasa da aka danne, ko kukan biri da ake yi wa baƙaƙen fata a filayen Turai, ko yunwa, to ya cancanci a saurare shi. Marcus Rashford, ɗan ƙwallon Ingila, ya taso a Manchester yana cin abincin kyauta na makaranta, shi ya sa da ya matsa wa gwamnatin Birtaniya a 2020, ta janye matsayinta ta ci gaba da ciyar da 'ya'yan talakawa a lokacin hutu.