Amsa: In gyara tsohuwar Camry ko in sayar?

Ɗan'uwa, ka ce Camry ɗinka ta 2009 tana shan baƙin mai, tana zafi a cunkoson Jidda, kana tunanin rabuwa da ita. Ni dai ban ga dalilin gaggawa ba tukuna.

Zafin nan sau da yawa lagireto ne ko fanka, kuma kayan Toyota ba sa wuya a Sana'iyya, wato unguwar garejoji da masu sayar da kayan mota, na hannu ma suna nan jibge a tashlih, inda ake kwance tsofaffin motoci a sayar da kayansu. Shan man ne abin dubawa. Da safe ka sa wani ya tayar da ita, kai ka tsaya ta baya. In hayaƙin shuɗi ne, inji na ƙona baƙin mai. Ka buɗe murfin baƙin mai kuma. In ka ga kumfa kamar madara, wataƙila ruwa ya shiga, gasket ya tafi. Kai wa bakanike biyu, kada ka tsaya kan bakin mutum ɗaya.

Kada ka manta, ba a sabunta istimara (takardar rajistar mota) sai motar ta ci fahas (gwajin lafiyar mota), ga inshora. In inji da giya duka suna neman aiki, kuɗin gyaran kuma ya kusa rabin abin da za a taya ta a Haraj, kasuwar motocin hannu, sayar kawai. Amma in giya lafiya take, shasi bai taɓa buguwa ba, esi na sanyi, gyara abarka.