Daga ina mai son tarihin farkon Mormon zai fara?

Ɗan'uwa, ka ce littattafan da ka karanta kan Joseph Smith, wanda ya kafa cocin Mormon, suna saɓa wa juna, kana neman wanda za ka riƙe. Ajiye su tukuna, ka shiga shafin intanet na Joseph Smith Papers. Akwai hotunan takardun asali kyauta, kowacce da bayanin wanda ya rubuta ta.

Fara da labarin wahayin Smith na farko, wanda ya ba da sau da dama. Na 1832 da hannunsa ya rubuta, Ubangiji kaɗai ya ambata. Na 1838, wanda cocin ta ɗauka, ya ce biyu ne suka bayyana masa. Jera su da na 1835 da 1842, ka duba wa ake faɗa wa kowanne.

Inda ake yawan zamewa: littafin tarihin cocin, History of the Church, yana cewa "ni" kamar Smith ne ke magana, amma magatakarda ne suka harhaɗa yawancinsa, har da abin da suka kwaso daga kundin wasu. Shaidun suka da maƙwabtan Smith na garin Palmyra suka bayar, waɗanda marubuci Eber Howe ya buga a 1834 kuwa, wani mai suna Hurlbut ne ya tattaro su bayan an kore shi daga cocin. Karanta, amma da lura.

Wasiƙar "Salamander", da aka ce tsohuwar takarda ce ta farkon Mormon, jabu ce, aikin wani mai ƙirƙirar takardun jabu, Mark Hofmann, amma har yau tana yawo a intanet. In an tallata maka tsohuwar takarda, sai masanin binciken tawada da rubutun hannu ya gani kafin ka biya.