Amsa: Kada ka rabu da Muturu

Malam, ka ce za ka sayar da Muturun gonarka ta Epe a jihar Legas ka sayo manyan shanu, tunda ƙanana ne. Don Allah ka dakata. Dajin can akwai ƙudan tsando mai yaɗa ciwon sammore, wanda ke kwantar da shanun Bunaji da Bokoloji in an kawo su daga Arewa, ita kuwa Muturu tana jure shi. Gaskiya nononta kaɗan ne, a kasuwar shanu ta Oko-Oba a Legas ma ido yana kan manyan bijimai. Amma irinta sai raguwa yake saboda barbara da wasu shanu, abin yana damuna matuƙa. Ka ware mata bijimin irinta, ko ɗaya ne, ka raba musu shinge da baƙin shanu.