Tambaya da Amsa: Fayil ɗin VirtualBox ya kumbura, ya ƙi komawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare da ke ƙauye kusa da Ringim, jihar Jigawa. Na girka Windows 10 a cikin VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin kwamfuta, don ɗalibai su riƙa gwaji ba tare da sun lalata uwar kwamfuta ba. Fayil ɗin faifan, mai ƙarewa da .vdi, ya kai GB 38. Na goge abubuwa da yawa a ciki, amma ko kaɗan bai ragu ba, kuma ina son in kwafe shi a filas zuwa sauran kwamfutocin ajin. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Faifan VDI mai girma da kansa yana ƙaruwa ne duk lokacin da aka rubuta wani abu a sabon wuri, amma ba ya raguwa da kansa. Idan ka goge fayil, Windows share sunansa kawai take yi daga jerin fayiloli, kamar a share sunan ɗalibi daga rajista alhali yana nan zaune a aji. VirtualBox ba ta san wurin ya zama fanko ba, sai an cika shi da sifili.

Kafin komai, ka ajiye kwafin fayil ɗin a wani faifai dabam. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar matsewa, faifan na iya lalacewa gaba ɗaya, don haka a yi aikin a laftof mai cikakken caji, ko lokacin da sola ke da ƙarfi. Idan akwai snapshot, wato ajiyayyen yanayin kwamfutar gwajin na wani lokaci, ka goge su tukuna su haɗe da uwar faifan, in ba haka ba sifilin zai tafi cikin fayil ɗin snapshot ne.

A cikin Windows ɗin gwajin, ka gudanar da cleanmgr ka share tarkace da tsofaffin fayilolin sabuntawa. Ka buɗe cmd da ikon admin ka rubuta powercfg /h off. Wannan zai cire hiberfil.sys, wanda kan cinye GB da dama. Sai ka yi defrag C:, wanda ke tattara fayiloli wuri ɗaya a faifan. Kada ka tsallake wannan, domin VDI tana ajiya ne a gutsattsarin MB 1, kuma gutsuren da ya zama sifili zalla ne kaɗai ake iya zubarwa. Ƙaramin fayil ɗaya da ya maƙale a ciki ya isa ya hana. Daga nan ka sauke SDelete na Microsoft, ɗan ƙarami ne ba ya cin data, ka rubuta sdelete -z C:. Yakan daɗe a wajen kashi 99 ko 100, ka ƙyale shi ya gama. Ka bar wuri isasshe a uwar kwamfuta ko da fayil ɗin zai ɗan ƙara kumbura.

Ka kashe kwamfutar gwajin kashewa ta sosai, ba ajiye ta a yadda take ba. A uwar kwamfuta, shiga C:\Program Files\Oracle\VirtualBox ta cmd, ka rubuta:

VBoxManage modifymedium disk "hanyar fayil ɗinka.vdi" --compact

Idan bai ragu ba, duba abu biyu: ko faifan mai ƙayyadadden girma ne tun farko, ko kuma BitLocker, tsarin Windows na rufe faifai da sirri, na kunne, domin sifilin da aka rufe da sirri ba ya fitowa a matsayin sifili.

Wajen kwafa, filas mai tsarin FAT32 ba ta karɓar fayil da ya wuce GB 4, sai ka mayar da ita exFAT ko NTFS. Mu dai mun fi son ka fitar da kwamfutar a matsayin OVA, fayil ɗaya mai ɗauke da kwamfutar gwajin gaba ɗaya, ta Export Appliance, don tana ƙara matsewa, kuma in ka shigar da ita a kowace kwamfuta ka zaɓi a ba ta sabon adireshin MAC, wato lambar da ake gane kwamfuta da ita a kan layi, kada su yi karo a kan layi ɗaya.