Akuyar Pikaso: me ya kai tsoho ga zubin tagulla?

Tambaya: Mushe, ina wuni. Ni ɗan lise ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Na ga hoton wata akuya ta tagulla, aka ce Pikaso ne ya yi ta yana dab da shekara 70. Mutumin da duniya ta sani da zane, me ya kai shi ga ƙera dabbobi da tsufansa? Ko hannu ne ya fara rawa?

Amsa: Lafiya lau, ƙanena. Hannu kam bai yi rawa ba, don Pablo Pikaso bai ajiye zane ba har ya mutu a 1973 yana da shekara 91. Kuma ba ranar ya fara taɓa tagulla ba, tun 1909 ya yi kan wata mace da aka zuba da ita. Wurin zama ne ya canza masa, wurin kuma ya zo da nasa kayan aiki.

A 1948 ya tare a Valoris, garin maginan tukwane a kudancin Faransa. Kusa da ɗakin aikinsa akwai juji inda ake zubar da fasassun tukwane da tarkacen ƙarfe, sai dattijo ya mayar da shi kasuwarsa. A 1950 ya tsinto tsohon kwando ya yi cikin akuya da shi. Ƙananan tuluna biyu suka zama hantsa, reshen wani icce dangin dabino ya zama gadon baya, iccen inabi ya zama ƙaho. Ya ɗinke su duka da kwaɓin filasta. Akuyar mai ciki ce, tsayinta ya ɗan haura mita ɗaya. A 1951 ya sake yin wata ɓarnar, ya ɗauke motocin wasa biyu na ɗansa Kulod, ya kifa ɗaya ƙarƙashin ɗaya, suka zama kan goggon biri rungume da ɗanta.

To ina amfanin tagulla a nan? Kafin zubi, ido yana ganin kwando a matsayin kwando, tulu a matsayin tulu, kuma ruwan damina ɗaya ya isa ya wargaza su. Da aka zuba akuyar da tagulla a 1952, komai ya zama jiki ɗaya, launi ɗaya. Akuya za ka fara gani, sai ka matso sannan saƙar kwandon ta bayyana a haƙarƙarinta. A ganina wannan wasan ɓuyan ne ya ja shi. Dabba kuma ta fi mutum haƙuri da irin wannan wasa: ka yi wa mai kuɗi ciki da kwando ka gani ko zai biya ka.

Ka kuma sani, ba shi ke tsayawa gaban wuta ba. Mai fasaha siffa yake ginawa, masu zubi su ƙarasa, shi ya sa aikin ba ya fin ƙarfin tsoho. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda maƙeranmu suka sani: a fitar da siffar da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a kwarara narkakken ƙarfe a gurbinsa. In ya huce a fasa yumɓun. Tagulla ta ainihi jan ƙarfe ce da kuza, amma yawancin abin da ake sayarwa da sunanta a kasuwanninmu narkakkun tsofaffin famfuna ne da kwaɗuna. Mutanen Ife da Binin a Najeriya sun ƙware a wannan zubi ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Pikaso a 1881. Maganar hukuncin mutum-mutumi kuwa, ka kai ta gun malamai, ni fannin aikin na sani.

Ɗaya daga cikin zubin akuyar tana gidan adana kayan fasahar zamani na New York. Da a kasuwar dabbobi ta nan aka ɗaure ta kusa da jar akuyarmu ta Maradi, dillali ba zai ko taya ba, ga ƙasusuwa a waje, ga ciki ya zazzago. Amma ka nuna wa innarka hoton, in dai ta taɓa kiwo, ka tambaye ta saura kwana nawa akuyar nan ta haihu.