Ɗalibaina na ganin yi wa jariri magana ɓata lokaci ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da ɗaliban aikin jinya. Duk sanda na ce su riƙa yi wa jarirai magana in suna kula da su, sai su yi murmushi, wai jinjiri bai san komai ba tukuna. Yaya zan sa su ɗauki abin da muhimmanci?
Wata malamar jinya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ni dai ba a aji nake fara wannan darasi ba, a bakin gadon jariri nake farawa, lokacin canza ƙunzugu. Nakan sa ɗaliba ta sunkuya daf da fuskarsa, ta ce masa "sannu, bari in ɗaga ka," sannan ta dakata. Dakatawar ce ke ba su wuya, don hannunsu ya saba da sauri. In ta jira, za ta ga ya ƙura mata ido, ko ya motsa leɓe, ko ya yi ɗan sauti. Sai ta amsa masa, ta sake jira.

Bayan sun gani da idonsu sai ki kawo hujja. Jariri na jin sauti tun yana ciki, a watanni ukun ƙarshe, shi ya sa yake gane muryar uwarsa kwanaki kaɗan da haihuwa. Yana ɗan wata 6 yakan bambance sautukan harsuna iri-iri, amma kafin ya cika shekara ƙwaƙwalwarsa ta karkata ga harshen da yake ji kullum. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Amurka ta haɗa jarirai 'yan wata 9 da masu magana da Sinanci har zama 12. Waɗanda aka yi wa magana ido da ido sun kama sautukan harshen. Waɗanda aka kunna wa bidiyo ba su ƙaru da komai ba. Wannan binciken na fi so su riƙe, domin uwaye da yawa na zaton waya za ta koya wa yaro magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a 2019 kada a bai wa ɗan ƙasa da shekara guda waya ko talabijin ya kalla.

Bakwaini kuwa a yi masa magana ƙasa-ƙasa, in ya kau da kai a ƙyale shi ya huta. Jaririn da ƙara mai ƙarfi ba ta firgita shi, a tura shi gwajin ji ba tare da jinkiri ba.

Ki kuma sa abin cikin makin jarrabawar aiki, tare da wanke hannu da auna zafin jiki, har da yadda ɗaliba za ta nuna wa uwa ta yi da kanta kafin a sallame su.