Kar ki ƙwace wayar tukuna, 'yar'uwa

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce 'yarki mai shekara 12 tana kife waya da kin shigo, ta kuma canja lambar sirri, kina tambaya ko ki ƙwace. Da haka tawa ta fara.

A wasan Roblox mutumin ya same ta. Ni ban ma san ana hira a ciki ba, gani nake 'yan tsana ne kawai ke tsalle-tsalle. Ya ce mata shi yaro ne ɗan shekara 14, ya riƙa yi mata kyautar kuɗin wasan, daga nan ya ja ta zuwa WhatsApp. Wajen ƙarfe 2 na dare na farka, na hango haske a ƙarƙashin bargonta, na fizge wayar. Saƙon ƙarshe cewa yake ta turo hotonta ba riga, in ta ƙi zai tura mana duk hirarsu. Wallahi ƙafafuna kasa ɗaukata suka yi, a ƙasa na zauna. Na kunna saƙon murya, sai ga muryar ƙaton mutum yana kiranta "ƙanwata". Har yau kalmar nan tana yi min ɗaci. Allah ya isa tsakanina da shi. Wata uku yarinya tana rama a gabana, ni ina cewa karatu ne ya yi mata yawa.

Na rufe ta da faɗa, na goge komai cikin fushi, na rasa hujjar kai ƙara. Ke kar ki goge. In kin ga wani abu, ki ɗauki hoton hirar da lambar kafin ki toshe shi.

In wayar Android ce ki sa Family Link na Google: ba ta sauke manhaja sai kin amince, kuma wayar na kulle kanta a lokacin da kika tsayar. Amma ba ya nuna miki saƙonni, kar ki saki jiki. A iPhone Screen Time ne. Ki duba shekarar haihuwar da ta sa, don TikTok da Instagram sai mai shekara 13, yaran ƙara wa kansu shekaru suke. Waya kuma ta kwana a ɗakinki.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, wanda ya saya mata wayar ba da shawarata ba shi ya fara cewa sakacina ne. Ban tanka masa ba har yau.

Ki zauna da ita, ku biyu kawai, ba tsawa. Ki yi mata alkawarin duk abin da ta faɗa ba za ki dake ta ba. Tawa sai bayan mako biyu ta iya magana, tana kuka ta ce, "Mama, tun farko na so in gaya miki, tsoro na ji ki karɓe wayar."